Gyara, Tukwici da Ladan Kuturu: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga wani mai awon hatsi a Talata Mafara: "Malam, ɗana ya yi boko, ya ce gyaran da nake yi wa masu saye hasara ce, wai in an tara shi a shekara ya kai buhu. Ina ma'anar kalmar, kuma wa ke da gaskiya?"

Alhaji, lissafin yaro daidai ne, sai dai bai kai ƙarshensa ba. Gyara a bakin 'yan kasuwa shi ne ɗan abin da mai sayarwa ke ƙarawa bayan an gama ciniki, an auna, an biya. Tushensa ɗaya da gyaran abin da ya ɓaci. Ciniki ja-in-ja ne: wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta yi har a sallama, kuma sau da yawa mai saye kan tashi da ɗan ƙullin cewa an matse shi. Hannun geron da ka dumbuza ka watsa kan tiyar da ta riga ta cika, wannan ƙullin yake gyarawa. Shi ya sa ba a yin sa kafin awo, kuma ba a auna shi. In aka auna shi ya zama ragi, ragi kuwa cikin ciniki yake, ba wanda ke gode maka dominsa. Kalmar ta bi fatake ta yi kudu, har ta zauna a bakin mutanen Legas da Anaca, suna cewa "jara".

Abin da ɗanka bai sa a lissafi ba shi ne matar da kowace Talata take wuce masu awo goma ta tsaya gabanka, ranar da ba ta zo ba ta aiko 'yarta, ta ce a je wurin Alhaji mai gyara. Ya tara tiyoyin da ta saya a shekara, sa'an nan ya dawo mu yi maganar buhu.

Tambaya daga wani matashi mai harkar albasa a Aliero: "Wanne ne daidai, 'alheri gadon barci' ko 'alheri danƙo ne'?"

Duka biyun Hausa ce, ɗana, kowanne da inda ya dosa. Ita kalmar alheri aro ce daga Larabci, al-khair. Gadon da ke cikin na farko kuwa na kwanciya ne, mai gajeren wasali, ba gādon da ake rabawa bayan mutuwa ba. Rubutun boko ne ya haɗe su. Manufa, wanda ya yi alheri kansa ya yi wa shimfiɗa. Na biyun cikonsa shi ne "ba ya faɗuwa ƙasa banza", domin danƙo in ya faɗi sai ya ɗauko wani abu. A bakinku na yamma "danƙo na" za ka ji, ba "ne" ba.

Ni a ganina na biyun ya fi dacewa da sana'arka. Albasa ba ta jira. Ka loda mota a Aliero ta nufi kasuwar Mile 12 a Legas, kuɗinka ba sa zuwa sai dillali ya sayar, kuma galibi ba wata takarda tsakaninku sai waya. Yarda ce kaɗai ke riƙe da wannan ciniki, ita kuwa ba a rana ɗaya take tsira ba. Direban da motarsa ta lalace a Jega ka kai masa tuwo da dare, shi ne zai tsaya ya gyara wa kayanka tamfol in hadari ya taso a hanya. Dillalin da ka buga wa waya ka yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa ba tare da ka sako maganar kuɗi ba, ranar da kasuwa ta faɗi zai gaya maka ainihin yadda aka sayar.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarku. A ƙarni na 19 Jega babbar kasuwa ce a ƙasar Gwandu, fatake na bi ta nan zuwa Gwanja fataucin goro, tafiyar watanni. Baƙon da ya sauka wurin fatoma, wato mai masaukin fatake, shi ke ba shi ɗaki, a kawo masa ruwa da abinci, a ajiye masa kaya, a haɗa shi da mai saye, in ta kama ya tsaya masa a kan bashi. Ba ya cajin ƙwaryar fura. Abin da yake samu la'ada ce in ciniki ya faɗa, da kuma tabbacin cewa baɗi baƙon ba zai sauka gidan kowa ba sai nasa, har ɗansa ya gāji masaukin.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Gusau: "Wani ɗan kwangila ya aiko mini da atamfa da turare alhali takardarsa na kan teburina. Ya ce tukwici ne. Haka ne?"

A'a, Malama, ya ari sunan ne kawai. Tukwici shi ne abin da wanda aka yi wa kyauta ke ba ɗan aiken da ya kawo ta. Maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon waina ranar Sallah, ki juye, ki saka mata 'yar naira ɗari ko ɗari biyu a hannu. Daga nan aka sami "yaba kyauta tukwici". Yana zuwa bayan abu ya riga ya faru, ƙanƙane ne, kuma a gaban kowa ake ba da shi. Abin da ya riga buƙata isowa, aka kawo shi a naɗe cikin leda bayan an tashi daga aiki, Bahaushe ya ba shi sunansa tun tuni: toshiyar baki. Karin maganarsa ma daban ne: "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Na san mayar da kyauta abu ne mai nauyi a wurinmu, har ana ganin kamar cin fuska ne. To akwai hanya. Ki sa a mayar masa ta hannun wanda ya kawo, da godiya, a ce aikinsa na bin layi kuma za a kira shi. In kina son ƙulla mutunci da masu zuwa ofishinku, abin da ke hannunki ya ishe ki: mutumin da ya taso daga Anka ko Ƙaura Namoda tun asuba, ki amsa sallamarsa da sakin fuska, ki nuna masa kujera, ki gaya masa takardar da ta rage tun yau, kada ya sake biyan kuɗin mota sau biyu a banza. Irin wannan ake nufi da "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma".

Mai tambaya daga Yawuri a kan bambancin "abokin ciniki" da "kwastoma", ka yi haƙuri sai mako mai zuwa, maganar na da tsawo.