Likita ya amsa: yaron da karatu ya ƙi zauna masa

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 9, ya maimaita ajin CP (aji na biyu na firamare), yanzu yana CE1 (aji na uku), amma har yau bai iya haɗa baƙi da wasali ba, alhali a gida babu abin da ke shige masa duhu. Malaminsa ya ce a kai shi a gwada ƙwaƙwalwarsa. Daga ina zan fara? (Wata uwa, unguwar Bukoki, Yamai)

Amsa: Hajiya, ki fara da ido da kunne tukuna. Yaron da ke zaune a ƙarshen aji mai cunkoso, wanda ba ya ganin allo sosai ko kuma kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, zai yi kama da mai matsalar koyo alhali tabarau ko magani ne kawai yake buƙata. Ki tafi da karnensa na asibiti, wato ɗan littafin lafiyarsa, ki gaya wa likitan yara ko ya taɓa yin sanƙarau, domin cutar takan bar kurumta a baya, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya kai shi ga suma ko jijjiga. A auna jininsa kuma, saboda ƙarancin jini da ciwon sikila suna rage wa yaro kuzari da natsuwa a aji.

Idan duk waɗannan sun fito lafiya, sai a koma ga gwajin koyo, wanda masanin halayyar yara da ƙwararren gyaran magana suke yi, kuma a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai za a iya nuna miki inda za ki same su. Babu allura a ciki, babu na'ura: za a sa shi ya karanta, ya rubuta, ya rarrabe sautukan kalmomi, ya yi lissafi, a kuma duba kayensa na aji, wato littattafan rubutunsa, tare da bayanin malaminsa. Ba a yanke hukuncin cewa yaro yana da disleksiya, wato wahalar karatu da ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, sai matsalar ta ɗauki aƙalla wata 6 duk da taimakon da ake ba shi. Takan bi dangi, don haka ki tambaya ko wani a gidanku ko gidan mahaifinsa ya sha irin wannan wahala. Ina roƙon a ajiye bulala, domin ban taɓa ganin ta koya wa irin wannan yaro karatu ba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 6 tana CI (ajin farko na firamare), tana rubuta b a maimakon d. Cuta ce? (Wani uba, Talaje)

Amsa: Malam, juya haruffa abu ne da aka saba gani har zuwa wajen shekara 7. Ka tuna kuma cewa yarinyar da Hausa take ji a gida tana koyon karatu da Faransanci a lokaci guda, kuma wannan jinkiri ba cuta ba ce. Ka ba ta lokaci zuwa ƙarshen CP.

Tambaya: Jikana yakan ƙura ido na ɗan lokaci, a kira shi bai amsa ba, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Sakamakonsa ya faɗi, wasu na cewa iskoki ne. (Wata kaka, Tawa)

Amsa: Inna, wannan ya fi damuna fiye da tambayoyin baya. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ta ɗauke masa hankali na daƙiƙa kamar 10, sau da yawa a yini, ta yadda darasi yake wuce shi gutsure-gutsure. Ana tabbatar da ita da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, kuma tana jin magani ƙwarai. A ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da abin ya zo, a kai shi asibitin jihar Tawa cikin makon nan, kuma kada a bar shi ya shiga tafki ko ya hau bishiya kafin likita ya gan shi.