Wayar faiba na iya jin lanƙwasar gada?

Tambaya: Malam, ina da shagon gyaran waya a Kano. Wani injiniya da ya kawo gyara ya ce da irin wayar faiba ta intanet ake gane ko gada ta fara lanƙwashewa ko tana rawa. Gaskiya ne, ko ya ƙara gishiri?

Amsa: Bai ƙara gishiri ba, ɗan'uwa. Zaren gilashin nan ne dai na cikin wayar faiba, mai kaurin milimita 0.125, sai dai an haska shi da leza an zana wasu siraran layuka a jere cikinsa, a wurin da bai fi santimita ɗaya ba. Sunan zanen FBG (wato fiber Bragg grating a Turance), wani masanin kimiyya mai suna Ken Hill ne ya fara gano shi a Kanada a 1978.

In aka tura haske cikin zaren, zanen nan sai ya zama kamar madubi mai zaɓe: launi ɗaya tak yake mayarwa, sauran su wuce. To, an manna zaren a ƙarƙashin gada. Tirela ta hau, ƙarfe ya ɗan miƙe, zaren ya bi shi, tazarar layukan ta ƙaru, launin da ke dawowa ya sauya. Ido ba ya gani, amma na'urar da ke bakin zaren tana kama miƙewar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba. Rawar gada kuwa miƙewa ce da tsukewa a kai a kai, ita ma tana kamuwa muddin na'urar na karatu sau ɗaruruwa a daƙiƙa.

Abin da ya fi burge ni, zare ɗaya na ɗaukar zane gommai, kowanne da launinsa. Ba ya tsatsa, kuma tun da haske ne a ciki, wayoyin lantarki ba sa rikita shi. Tun 1993 aka sa irinsa a gadar Beddington Trail da ke birnin Calgary a Kanada.

Babbar matsalarsa zafi. Ƙarin digiri 1 kan sauya launin kusan kamar miƙewar kashi 8 cikin miliyan, ka ga a ranar bazara sai a ɗauka nauyi ne. Shi ya sa ake ajiye wani zanen a gefe ba a manna shi ba, ya auna zafi kaɗai a cire. Zaren ba shi da tsada, na'urar karatun ce ke cin kuɗi, sannan dole a samu injiniyan da zai riƙa duba alƙaluman ya ce a rufe gada idan ta kama.