Dalsima ta dishe tun shigowar hunturu, in shanya ta a rana?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Yayana ne ya kawo min dalsima daga Kentaki ta Amurka, wani abin kiɗa ne na katako mai tsirkiya huɗu, ina ɗan koyon tsofaffin waƙoƙin mutanen duwatsun Afalashiya da ita. To tun da sanyin nan ya shigo sautinta ya dishe, in na danna tsirkiya wajen ƙarfe na lamba 3 ko 4 a kan sandarta sai ta riƙa wani zuuu. Wani mai gurmi a unguwarmu ya ce in shanya ta a rana ko in kara ta kusa da garwashi. Wallahi tsoro nake ji kar ta lalace, ba a samunta a nan.

Amsa: Ƙanena, don Allah kar ka kai ta rana. Gara da ka tambaya tukuna.

Mai gurmin nan ba ƙarya ya yi ba, a kan gurminsa yake magana. Gurmi fata ce a kan ƙwarya, in ta sha raɓa ta saki sai zafi ya ja ta ta ɗaure, sauti ya tashi. To dalsima ina fatar take? Katako ne siriri tun daga sama har ƙasa, aka haɗa shi da gam, ga tsirkiyoyin ƙarfe suna jan sa dare da rana. Zafi yana sassauta gam ɗin, katakon ya ƙanƙance ya tsage, doguwar sandar da ake dannawa ta karkace, shi ke nan sai dai a rataye ta a bango a yi ado da ita. Kuma bushewar ce ma ta jawo maka matsalar tun farko, kayan kiɗa na katako sun fi son danshin iska wajen kashi 40 zuwa 50, mu kuwa a hunturu yakan sauka ƙasa da 20, leɓenka ma fashewa yake. Abin da ƙishirwa ke damu shi za ka ƙara wa rana?

Abin da ke ba ni haushi kowa ya zama gwani, wannan ya ce a shafa man gyaɗa, wancan ya ce man shanu, in ta tsage kuma a ruga wajen kafinta ya ɗura supa gulu ya buga ƙusa. Man nan shiga katakon yake ya kama ƙura, kuma duk inda ya shiga gam ba ya sake kamawa da kyau, ko gwanin gyara ne sai ya sha wahala. Wanda bai taɓa ɗora abin nan a cinyarsa ba me ya sani a kai?

Fara da canja tsirkiya, tsohuwa mai tsatsa ita ke kashe sauti, ta jita ma tana yi in kauri ya dace, wajen inci .012 siririyar da ke fitar da waƙa, inci .022 zuwa .024 mai kauri. Ka ajiye ta a akwatinta tare da ɗan soso mai danshi a cikin robar sabulu mai huji, kar ruwa ya taɓa katakon, ka ba ta sati ɗaya ko biyu. In zuuu ɗin bai tafi ba ka duba ƙarafunan nan na lamba 4 da 5, wataƙila ɗaya ya ɗan ɗago, nan sai mai gyaran jita na gaske.

Sannan in da saitin DAA ta zo kake son komawa DAD (haruffan nan sautin da ake ɗaure tsirkiyoyin a kai ne), ka ja tsirkiyar waƙa a hankali kana duba tuna, wato manhajar saita sauti, a wayarka, daga A zuwa D tafiya ce mai nisa, nan tsirkiya ke tsinkewa ta zabgi mutum a fuska.