Likita ya amsa: "Ɗiyata na cewa zuciyarta za ta tsaya, awo kuma ya ce lafiyarta lau"

Assalamu alaikum. Cikin saƙonnin da suka shigo mini a makon nan na ware biyar, duka a kan yara da matasa. Masu tambayar ba su san juna ba, amma da na jera saƙonnin sai na ga tushensu ɗaya: yadda ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa take jin abin da ke gudana cikin jikinsa, da yadda take fassara shi.

Tambaya daga wata uwa a unguwar Bilbis, nan Tawa: "Likita, ɗiyata shekararta 15, bana za ta yi jarrabawar BEPC. Wata biyu ke nan, tana zaune sai ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta za ta fito, numfashi ya sarƙe mata, hannuwanta su yi sanyi ƙalau. Sau biyu muna kai ta asibiti, an auna jini, an auna zuciya, an ce ba komai. Babanta ya ce raki ne, kakarta ta ce iska ce. Ni na rasa na kamawa."

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kafin komai, ki faɗa wa babanta cewa yarinyar nan ba ƙarya take yi ba. Abin da take faɗa tana jin sa da gaske.

Ban da gani da ji da sansana da ɗanɗano da taɓi, Allah ya yi mana wani ji wanda ke fuskantar ciki. Da shi muke sanin yunwa da ƙishirwa, da matsuwar fitsari, da tashin zuciya, da faɗuwar gaba. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya ware shi ya ba shi suna tun 1906. Ni da Hausa jin cikin jiki nake ce masa. Babbar hanyarsa wata jijiya ce da ake kira bagus, wadda ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta ratsa zuciya da huhu da hanji. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta labari suke kaiwa sama, wato jiki ya fi yi wa ƙwaƙwalwa magana fiye da yadda take yi masa ta wannan hanya. Labarin yana isa wani ɓangare da ke naɗe can ciki ta gefen kai, sunansa insula, ma'ana tsibiri a Latin.

To, karɓar labari daban, auna shi daban. Ɓangaren da ke bayan goshi shi ne mai aunawa, shi ke cewa wannan bugun na gudu ne, wancan na tsoro ne, wannan ba komai ba ne. Yaro ɗan shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, amma ɓangaren goshi ba ya gama nuna sai an doshi shekara 25. Hotunan ƙwaƙwalwar yara da Jay Giedd da abokan aikinsa suka bi shekara da shekaru a Amurka, suka fara wallafawa a 1999, suna cikin abubuwan da suka buɗe mana ido a kan haka. Ki duba halin da ɗiyarki take ciki: balaga ta sauya mata jiki, tsawo ya ƙaru, al'ada ta zo da nata ciwon mara da kasala, ƴan aike na ta shigowa da labaran da ba ta saba ji ba, shi kuwa mai aunawar har yanzu ɗan koyo ne.

Ga yadda abin ke tashi. Tunanin jarrabawa ya gifta, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara sauri. Ita kuma ta ji bugun, ta ce mutuwa ce. Tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu. Ta shiga haki, hakin ya kore iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai yatsu da leɓɓa su sage, jiri ya kwashe ta. Yawanci cikin minti goma abin ke kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya fara sauka da kansa.

Kwanakin baya an kawo mini wata mai irin shekarunta. Na riƙe wuyan hannunta ina duban agogo, na ce ta rufe ido ta ƙirga bugun zuciyarta ba tare da ta taɓa ko'ina ba. Wannan gwaji ne da wani Bajamushe, Rainer Schandry, ya fito da shi a 1981. Da rabin minti ya cika ta ce ta ƙirga 70. Ni 41 na ƙirga. Na ɗora yatsunta biyu a kan jijiyar, muka sake ƙirgawa tare da murya. Ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi mahaifiyarta, ta ce, "Ashe haka take tafiya?" Yaran da ke fama da fargaba sun fi kowa sauraren jikinsu, amma yawan sauraro bai sa su fi kowa dacewa da lissafi ba. Wannan tazara ita muke ƙoƙarin ragewa.

Idan abin ya taso, ki zauna kusa da ita, ki sallami masu taruwa a kanta. Ta shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ta fesar a hankali kina ƙirga shida. Dogon fitar da numfashi yana sa jijiyar bagus ta ja wa zuciya linzami. Ku riƙa gwadawa safe da yamma lokacin da take lafiya, don ba a koyon iyo ranar ambaliya. Addu'ar da kakarta ke yi mata a ci gaba da ita, natsuwa ce.

Sai dai ki tabbatar awon da aka yi ya haɗa da ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga ƴan matanmu bayan fara al'ada, da kuma duba maƙogwaro saboda maƙoƙo. In ta taɓa suma tana cikin gudu ko aiki, ko ƙafafunta na kumbura, ko ta yi fama da ciwon gaɓoɓi bayan ciwon maƙogwaro tana ƙarama, ko a dangi akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, to ku koma a yi mata hoton zuciya, ko da sai an je Yamai. In kuma ta fara ƙin zuwa lakwal ko ta daina cin abinci, ku nemi ganin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, don haka ba abin kunya ba ne.

Tambaya daga wani malamin kwaleji: "A ajina yarinya ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin a tashi shida sun bi ta. Me ya kamata mu yi?"

Mushe, sannu da ƙoƙari. Kowa a ƙasar nan ya san wannan abu, kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1962, a wata makarantar ƴan mata da ke Kashasha, ƙasar Tanganyika, wadda ke cikin Tanzaniya ta yau, dariya da kuka marasa tsayawa sun bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya har aka rufe makarantar. Ɓangarorin ƙwaƙwalwa da ke jin halin jikinmu suna motsawa idan muka ga wani cikin wahala, kuma a shekarun balaga babu abin da ke shiga ran yaro kamar halin tsaransa. Yarinya ta fito ba ta karya kumallo ba, aji ya cika, kwano ya ɗau zafi, ga ƙawarta a ƙasa tana mimmiƙewa. Gabanta ya faɗi, ta ji jiri, ƙwaƙwalwarta ta yanke cewa abin da ya kama waccan ya iso gare ta.

Ku fitar da ta farko zuwa inuwa, nesa da idon sauran, mace ɗaya ta zauna da ita. In ta farfaɗo sosai a ba ta ruwa da ɗan abu mai zaƙi. Kada a dake ta, kada a danne ta, kada a tura mata cokali a baki. Wadda ta fara faɗuwa ita na fi so likita ya gani, saboda a cikin irin wannan taro ake ɓatar da mai farfaɗiya ta gaske. Wadda ta ciji harshe, ko fitsari ya kufce mata, ko jijjigar ta wuce minti biyar, ko akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye.

Tambaya daga wani uba a Sabon Gari: "Yarona ɗan shekara 14 ya faɗi a filin ƙwallo da la'asar. Da na tambaye shi sai ya ce shi bai ji ƙishirwa ba. Zai yiwu?"

Zai yiwu, Alhaji. Ƙishirwa ba ta zuwa sai jini ya fara kauri, sannan wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa ya buga ƙararrawa. Mai gudu cikin zafin Afrilu da Mayu na Tawa, lokacin da awo ke wuce 40, yana iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya, har fiye. Kafin ƙararrawar ta yi ƙarfi an riga an ci bashi. Ga kuma hankalin yaro duk yana kan ƙwallo da ihun abokai. Muryar cikin jiki ba ta iya ja da wannan. Matsalarsa kishiyar ta yarinyar farko ce: ita ta cika sauraro, shi bai saurara ba.

Kada ka bar shi ya jira ƙishirwa. Ya sha kafin ya fita, ya tafi da gorarsa, ya sha a hutun rabin lokaci. Ka koya masa duban fitsarinsa: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Yaron da ya faɗi cikin rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko bai gane mutane ba, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Tunda naka ya faɗi yana cikin gudu, ka kai shi a saurari zuciyarsa, a kuma yi gwajin sikila in ba a taɓa yi ba.

Tambaya daga wata kaka a Keita: "Jikana shekara 11, har yanzu yana fitsarin kwance. An yi duka, an yi gori, ba sauyi."

Inna, don Allah a daina dukan, a daina sa yara su yi masa waƙa. Raina na ɓaci duk lokacin da na ji an ɗaura wa yaro kwaɗo a ƙugu. Mai barci bai san me yake yi ba. A bangon mafitsara akwai ƴan ƙofofi masu jin miƙewa, irin waɗanda binciken su ya sa Ardem Patapoutian ya samu kyautar Nobel a 2021. Su ke aika labari cewa ta cika. A wajen jikanki labarin na tafiya, amma bai kai ƙarfin tayar da shi ba, wani lokaci kuma jikinsa bai fara rage yin fitsari da dare kamar na manya ba. Abin na bin jini. Ki bincika a hankali, da wuya a rasa wani a iyaye ko kawunnai da ya yi. Wajen 15 cikin 100 na ƴan shekara 5 suna yi, zuwa shekara 15 saura ɗaya ko biyu.

Ya sha ruwansa da rana, a rage hura da shayi bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a kula ko yana fama da taurin bayan gida. In da ya daina ne ya dawo, ga yawan shan ruwa da rama, a auna suga. In akwai jini a ƙarshen fitsari, musamman yaron da ke wanka a tabki, tsargiya ce, kuma tana da magani.

Tambaya daga wani saurayi ɗan shekara 17: "Likita, ba na jin barci sai ƙarfe biyu na dare, da safe kuma kamar an daka ni. Babana na cewa lalaci ne."

Ɗana, rabin abin ba laifinka ba ne. Mary Carskadon ta jami'ar Brown a Amurka ta nuna tun shekarun 1990 cewa da balaga agogon jiki yana ja da baya. Sinadarin melatonin, mai sanar da jiki dare ya yi, yana makara har kusan awa biyu. Amma buƙatarka ba ta ragu ba, masu shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 suke buƙata.

Ɗaya rabin yana hannunka. Na san zaman fada, na san daɗin shayi na fari da na biyu da na uku. Tun safe wani sinadari ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana gaya maka ka gaji. Kafeyin da ke cikin shayi toshe kunnen ƙwaƙwalwa yake yi kada ta ji wannan saƙo, kuma bayan awa biyar wajen rabinsa na nan a jininka. Gajiyar na nan, jin ta ne aka ɗauke maka. Duk wanda ya miƙo maka tramol wai don ka ji ƙarfi da safe, ka ƙi. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma barinsa wuya gare shi.

Ka gwada wannan na sati biyu: kofin ƙarshe da la'asar, waya ta kwana nesa da shimfiɗarka, bayan sallar asuba in gari ya waye ka fita ka sha hasken safe, ko da tafiya ce zuwa bakin kasuwa ka dawo. Hasken safe shi ke jawo agogon gaba. In rana ta yi kana jin barci, ka ɗan kishingiɗa bayan azahar, kada ya wuce rabin awa. Bayan sati biyun ka rubuto mini ƙarfe nawa barci ke ɗaukar ka.