Dusar ƙanƙara a kan tsakuwa: ya bar mata daɓe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yaron wajena yana karatu a Kanada, a yankin Kebek, shi da abokinsa sun kama haya a bayan gari. Hanyar da mota ke bi daga titi zuwa ƙofar gidan tsakuwa aka zuba mata, ba kwalta ba, kuma kwashe dusar ƙanƙara a wuyansu yake. Maƙwabci ya ara masa injin kwasar dusa, injin ya ɗebi tsakuwa ya harba, gilashin motar abokin ya tarwatse. Yanzu da shebur yake yi, kullum sai kukan ciwon baya. Ni ko a mafarki ban taɓa ganin dusar nan ba. Na ji ka zauna can, me zan gaya masa?
Wata uwa, daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a gilashi, bai sami idon mutum ba.

Ki gaya masa ya daina neman ganin tsakuwar. Hunturu huɗu na yi a Kebek, kuma a na farko haka na yi ta kankarewa har sai shebur ya yi ƙara a kan dutse, ina ganin tsabta ke nan. Da dusa ta narke a watan Afrilu, sai ga tsakuwar hanyata baje cikin ciyawa. Kwana uku na yi da manjagara ina mayar da ita.

Kin san daɓen tsakar gida irin na iyayenmu, yadda ake zuba tsakuwa a yayyafa ruwa a yi ta bugu har ta kama jikinta. To, shi zai yi. Idan dusa ta zubo kaɗan, kada ya kwashe. Ya bi ta kanta da mota, gaba da baya, har ta danne ta daskare ta riƙe tsakuwar a ƙarƙashinta. Kaurin santimita 3 zuwa 5 ya isa. Duk wadda ta zubo bayan nan, a kan daɓen zai kwashe ta, shebur na sulɓewa ba ya sarƙewa.

Injin da ya yi ɓarna, ina kyautata zaton ƙaramin nan ne mai fukafukan roba da ke shafar ƙasa. Wannan na kwalta da siminti ne. Babban injin, wanda ya dace da tsakuwa, yana da takalman ƙarfe biyu a gefe. A sassauta ƙusoshinsu, a sauke su ƙasa, bakin injin ya ɗaga kamar santimita 3, sannan a ɗaure. Ko da haka, kada bututun da ke watso dusa ya kalli taga, mota ko mutum.

Gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara kuwa, ya rage shi. Yana narkar da daɓen, ƙasa ta zama taɓo, kuma idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ba ya wani aikin kirki. Inda ke da santsi ya watsa yashi, irin dai wanda ake ɗiba a bakin Binuwai. Can a buhu ake sayar da shi.

Maganar ciwon bayan nan ta fi damuna. Jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta kamar laka, kuma ɗaga ta cikin tsananin sanyi na wahalar da zuciya, har ana rasa rai. Ya riƙa turawa maimakon ɗagawa. In ɗagawar ta zama dole, ya ɗebi rabin shebur, ya lanƙwasa gwiwa, kada ya murɗa ƙugu yana jifa. Gara ya fita sau biyu tana cikin zuba da ya jira ta kai gwiwa. Motar gwamnati mai share titi kuma za ta tula masa tudu a bakin hanya. Ya kwashe da wuri kafin ya zama dutse. In ya fuskanci titi, ya tara dusar ta hannun dama, don motar ta wuce da ita gaba, kada ta dawo masa da ita.

Wannan kuma, Hajiya, ki maimaita masa har ya haddace: kada ya tayar da mota sai ya tone bayanta ya ga bakin salansa a buɗe. In dusa ta toshe shi, gubar hayaƙin cikin mota take komawa, ba ta da wari ba ta da launi, mutum na zaune yana jiran ɗumi barci ya ɗauke shi.

Baɗi in Allah ya kai mu, tun a watan Oktoba kafin ƙasa ta daskare, ya baje tsakuwar, ya cike ramuka, ya kafa dogayen turaku a gefen hanyar biyu, don in komai ya yi fari fat ya san inda hanya ta tsaya. Allah ya ba shi abin da ya je nema, ya dawo miki da shi lafiya.