Me yasa maganin kaska yake ci a wani garke amma baya ci a wani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, shekara uku kenan ina yiwa shanuna feshin maganin kaska iri daya, da farko kwana daya biyu zaka ga sun zube amma yanzu ko a jikinsu, alhali abokina da yake nesa damu shi yake amfani dashi kuma yana masa aiki. Jabu ake bani ko kaskar ce ba iri daya ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Jabu yana yiwuwa, haka ma cika ruwa wajen hadawa, fara duba wadannan. Amma zatonka na biyu shine yafi damuna, domin gaskiya kaska ba daya bace, jinsinta ma ya kai kusan 900 a duniya, kuma ko cikin jinsi daya akan saniya daya kwayoyin halittarsu sun sha bamban kamar yadda yan uwa ciki daya basa zama daya.

To kaga ranar da kayi feshi yawancinsu sun mutu, sai yan tsirarun da aka haifa da wani dan canji a kwayar halitta wanda yake hana maganin kama jijiyarsu, su suka tsira, kuma mace daya takan zuba kwai dubu biyu zuwa sama, kai kuma kana ta maimaita maganin nan dai kana share musu fili, cikin yan shekaru jikokinsu ne suka cika garken. Ba wai sun saba da maganin bane kamar yadda mutane ke fada, gadon wannan canjin sukayi. Kaskar abokinka kuwa wata zuri'a ce daban da wannan canjin bai yadu a cikinta ba tukuna.

Nace tukuna saboda kaska bata tafiya mai nisa da kafarta, dabba ce motarta. Akwai wata mai suna Rhipicephalus microplus, asalinta Asiya, a 2007 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a kasar Kodebuwa bayan an shigo da shanu daga Birazil, kuma ita tayi kaurin suna wajen jure magunguna. Abin tausayi wallahi, mutum ya sayi saniya daya ya shigo da matsalar da ba a garkensa aka haife ta ba.

Don haka duk dabbar da ka sayo ka ware ta, a yi mata magani a duba ta sosai kafin ta shiga cikin sauran. Sannan ka kaiwa likitan dabbobi kwalbar maganin da yan kaskokin da suka sha jini suka koshi, ya canza maka zuwa wani rukunin sinadari daban, domin sau da yawa sunan kwalba ne kawai yake canzawa abin ciki daya ne, shiyasa ka rika karanta sunan sinadarin da aka rubuta da kananan haruffa.