Tsohuwar Motata Mai Ɗaki Tana Zafi a Hawan Dutse, Ina Mafita?

Tambaya: Ina zaune a Jamus, na sayi tsohuwar mota mai ɗakin kwana, Peugeot J5 ƙirar 1991, mai injin dizal lita 2.5. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da na hau mashigin dutsen Birena (Brenner) zuwa Italiya sai allurar zafi ta doshi ja. Wani ya ce in cire tamostat. In cire?

Amsa: Malam, kada ka cire. Bakanikenmu na gida sun saba da wannan dabarar, har a kan J5 ɗin da ke jigilar kaya a hanyoyinmu, amma ɓoye ciwo take yi. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa har injin ya kai digiri 80 da ɗoriya, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In ya maƙale, sabo za ka saka. Injin dizal da ke yawo da sanyi mai yake sha, ya yi hayaƙi, ya ci kansa da wuri.

Lura da lokacin da zafin ke tashi. Idan a cunkoso ne, mota na tsaye, fanka ake zargi: ta J5 da lantarki take aiki, sai a duba fis, da rile, da makunnin da ke jikin lagireto. Naka kuwa a hawa yake zuwa, don haka lagireton na fi tuhuma. Mashigin Birena ya kai mita 1,370, ga ɗaki a goye, da tankin ruwa da tukunyar gas da kayan iyali. Injin yana iyakar ƙarfinsa, lagireton da ya haura shekara 30 kuma tsatsa da dattin ruwa sun toshe wasu bututunsa. Bayan tafiya, kashe mota, cire makulli, ka kai bayan hannu kusa da fuskar lagireton a hankali, nesa da fanka. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, nan ruwa ba ya wucewa. Wanki yakan taimaka, amma in haƙarƙarinsa sun fara ruɓewa, sabo ya fi maka arha a kan gyaran kan injin.

Murfin lagireto ma ana raina shi. Shi ke riƙe matsi kusan bar 1 (ma'aunin matsi ke nan), wanda ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Robarsa ta saki, ruwa ya tafasa da wuri. Canza shi, ka taɓa tiyo-tiyo da bel ɗin famfon ruwa, ka zuba ruwan sanyaya injin rabi da rabi da tataccen ruwa, sannan a fitar da iskar da ta maƙale.

A hawa kuma sauko giya tun injin bai fara nishi ba, don famfo ya yi ta juya ruwa. Allura ta motsa, kunna hita har ƙarshe, a buɗe tagogi. In ta ƙi sauka, faka ka bar injin yana aiki a hankali ya huce. Amma da ka ga tururi ko yoyo, kashe nan take. Murfi kuwa kada ka kusance shi sai ya yi sanyi.

Ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a tankin ruwan lagireto, ko farin hayaƙi na fita ta salansa bayan injin ya ɗumama? Wannan alamar lalacewar gaskit ɗin kan injin ce, kuma sai bakanike ya gwada matsi kafin ka sake ɗaukar hanyar Italiya.